Rasuwar Farin Iyafis na Mai Gidan Wanki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kunya kuma ta danne ɗan abin da ya rage, mai gidan wanki da guga na bayan tashar mota yake sanar da 'yan uwa, ma'aikata da abokan ciniki rasuwar farin iyafis ɗinsa, abin nan mai igiya da ake sauraren waya da shi a kunne. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a ɗakin guga, bayan doguwar jinya da aka yi masa a ɓoye.

An ce iyafis ɗinsa ne don haka jama'a suka sani. Asali dai na Auta ne, ƙaramar 'yarsa. Gwaggonta ce ta ba ta shi haɗe da tsohuwar wayarta lokacin da yarinyar ta shiga babbar sakandare. A kunnen Auta marigayin ya yi ƙuruciyarsa, tana shara da shi, tana wanke-wanke da shi, wani lokaci a ji ta yi dariya ita kaɗai a kicin.

Da sakamakon jarrabawa ya fito lissafinta ya yi ƙasa, mai gidan ya nemi mai laifi, ya same shi rataye a wuyan yarinyar. Ranar kuwa gida cike yake, 'ya'yan Yaya, wan mai gidan, sun zo yini. A gabansu ya karɓi wayar ya buɗe, ya tarar da wata manhaja da ake karanta wa mutum littafi da murya, cike da labaran matasa masu tsafi da na soyayya. Ya karanto sunayen littattafan ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasa murya, yaran suna ƙunshe dariya. Ya ce ashe abin da take cusa wa kanta ke nan, kuma yarinya mai kunya ba ta jin irin wannan shirme. Auta ba ta yi kuka ba. Ta naɗe marigayin a jikin wayar tsaf, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya ce sai bayan jarrabawa ta gaba. Tun daga ranar, tsakaninta da shi sai gaisuwa da ajiye masa abinci.

Mai gidan yana so a shaida cewa da niyyar bincike ya fara sa marigayin a kunne. So yake ya ji ɓarnar da kansa, ya samu hujjar da zai ƙara yi mata faɗa. Ya kunna littafin farko yana guge wata baƙar kwat. Labarin wata marainiya ne mai jin maganar rijiyoyi, wadda aka kai wata makaranta a kan dutse inda yara ke koyon hawan manyan tsuntsaye. Ya yi tsaki tun a babin farko. Sai dai kafin ya rataye kwat ɗin an jefa yarinyar kurkuku bisa ƙazafi, shi kuwa mutum ne da ba ya iya barin marainiya a kurkuku ya koma harkarsa. Ya ce bari ya ga fitarta kawai. Littafin ashe yana da ƙanne biyu.

Ra'ayinsa a kan waɗannan littattafai, wanda marigayin kaɗai ya sani, mai tsauri ne. Ya rasa dalilin da ya sa duk iyayen ciki matattu ne ko ɓatattu. Ya rasa inda manyan garin suke shiga idan duniya za ta kife, har a bar 'yar shekara sha shida da ceton ta, ga shi ko karin kumallo ba ta yi ba. Yara su yi wata guda a daji da riga ɗaya, su faɗa taɓo, su fito, marubucin bai taɓa cewa ga wanda ya wanke ba. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Da na tsuntsayen suka ƙare, binciken ya faɗa kan na soyayya. Nan ma yana da ƙorafi. Mazan ciki duk dogaye ne masu ƙarancin magana, an ce suna da kamfani amma ba a taɓa ganinsu a wurin aiki ba. Saɓanin da kiran waya ɗaya zai kashe, sai a ja shi har tsakiyar littafi, ita tana kuka a bayan ƙofa, shi yana tuƙi cikin ruwan sama ba inda za shi. Sau da yawa mai gidan ya ajiye dutsen guga ya ce a ransa, kai ɗan nan, buɗe baki ka gaya mata mana. Duk da haka bai taɓa tsallake babi ba. Wanda ya fi kama shi shi ne na wata nas da wani bakanike, maƙwabta da suka fara da rigima a kan wurin ajiye mota. A ciki akwai uban nas ɗin, tsoho mai taurin kai da ya ƙi zuwa bikin gama karatunta. Ranar da tsohon ya nemi gafararta a gadon asibiti, hawayen mai gidan ya ɗiga a kan farar rigar wani lauya. Matar da ke karɓar kaya a kantar shagon ta leƙo, mai gidan ya ce mata tururi ne.

Jarrabawa ta gaba ta zo ta wuce, lissafin Auta ya miƙe. Maman yara ta tuna masa alkawari, ya ce yana kan dubawa tukuna. Auta ba ta tambaya ba ko sau ɗaya.

Marigayin ya kasance mai riƙon amana. Bai taɓa fitar da kalma ɗaya waje ba, ko da an zo wurin da kunnen dattijo kan yi zafi. Ya jure tururi, ya jure gumi, ya jure zaman aljihu tare da makullai. Mai rufa asiri ne ƙwarai, har ma'aikata suka ɗauka labaran duniya maigidansu yake saurare. Idan suka ga ya girgiza kai ya yi ajiyar zuciya, sai Dogo mai guga ya rage murya ya ce wa sauran ƙila yaƙi ne ya sake ɓarkewa. Mai gidan ya ji wannan magana da kunnensa guda, bai gyara ta ba. Har yakan ɗora da cewa al'amura sun cakuɗe. Kuma sun cakuɗe ɗin, don a lokacin nas ta ga bakaniken da wata a mota, ba ta san ƙanwarsa ce ba.

Ciwon ajali ya fara ne daga kunnen hagu. Da fari wani ɗan ƙis-ƙis yake yi, kamar ana murza leda a nesa, daga baya ya yi shiru gaba ɗaya. Na dama ya ci gaba da ɗaukar nauyin gida shi kaɗai, sai dai murya ta yi rauni, sai an ƙure ƙarar waya sannan a ji shi. Sai igiyar ta tsage daga gindi. Mai gidan ya yi masa ɗauri da baƙin salatif, ya koyi wata lanƙwasa da idan aka riƙe igiyar a kai magana takan dawo. Yana jin shi yana numfashi, shuuu, tsakanin jimla da jimla. Kai shi wurin mai gyaran waya na ƙofar tasha bai yiwu ba, don mutumin zai kunna ya gwada, kuma bakinsa ba ya riƙe magana.

Ranar Talata makarantar su Auta ba karatu. Yaya ya biyo ta gida ya ɗauko ta, ta taya shi kwasar kayansa daga shagon. Suka shigo har ɗakin guga. Mai gidan yana tsaye yana aikin wata rigar amarya mai dogon baya, hannuwansa jiƙe da ruwan sitaci, marigayin a kunnensa. Ya ga shigowarsu amma bai tsayar da labarin ba, don an zo wurin da ya daɗe yana jira. Ya gaida Yaya da rabin hankali. Yaya ya zauna a kan benci ya fara ƙorafin 'yarsa ta tsakiya, wai ita ma ta kamu da littattafan nan. Mai gidan ya gyara tsayuwa ya ce maganinsu ɗaya ne, a karɓe wayar, kamar yadda shi ya yi. Auta tana tsaye a bakin ƙofa rungume da ledar kaya.

Ya juya zai ɗauko hanga, igiyar ta maƙale a hannun dutsen guga. Aka ji tas. A daidai lokacin kuma babban injin wanki ya gama juyinsa ya tsaya, ɗakin ya yi tsit. Marigayin ya faɗi ƙasa gida biyu, wayar ta koma sifika da dukan ƙarfin da aka ƙure mata, muryar mai karatu ta fito daga aljihun mai gidan, a natse, kamar ta mai ba da labarai.

"Tun ranar da kika zuba mini shayi a riga ban ƙara samun barci ba," in ji bakaniken. "Rigar ma na kasa wanke ta."

Mai gidan ya zaro wayar, jiƙaƙƙen yatsansa ya ƙi kama fuskarta. Ya goga a wando, ya ƙi. Mai karatu ta ci gaba da bayanin yadda nas ɗin ta sunkuyar da kai, da yadda zuciyarta ke bugawa. Dogo ya kafe idonsa a kan wandon da yake guga, ya ce a hankali, kamar da wandon yake, ai da ya kawo musu rigar nan da an fitar masa da tabon. Matar da ke karɓar kaya ta fita waje da sauri, ana jin tarinta. Yaya ya kalli ƙanensa ya tambaye shi ko wannan ce tashar labaran.

Duk wannan mai gidan zai iya ɗauka. Abin da ya kasa ɗauka shi ne Auta, wadda ko murmushi ba ta yi ba. Ta ajiye ledar, ta karɓi wayar daga hannunsa, ta kashe da taɓawa ɗaya, ta duba inda aka kai.

"Ashe sun shirya," ta ce. "Ni suna cikin gaba aka karɓe."

Ta mayar masa da wayar da hannu biyu, ta ɗauki ledarta ta bi Yaya.

Da yamma ya koma gida da gawar a aljihu. Maman yara ta riga ta ji, don matar Yaya ta kira ta. Ta nuna masa ɗakin Auta da haɓa. A hanya ya shirya magana mai kyau, sai da ya isa bakin ƙofa ya gane kalmomin tsohon nan ne na gadon asibiti, kuma yarinyar za ta kai babin ta kama shi. Ya watsar da su, ya shiga. Ya ajiye mata wayar a kan littafin lissafinta.

"Na kunyata ki a gaban mutane a kan abin da ban sani ba," ya ce. "Da na sani kuma na riƙe miki kayanki don son kaina. Ban kyauta ba, Auta."

Ta ce ta ji. Ya jira ko akwai saura, ta juya shafi.

Marigayin ya rasu ya bar wayar da suka zo gidan tare, wadda ta koma hannun mai ita. Caja guda mai ciwon wuya. Ragowar baƙin salatif. Da wani littafi na wasu 'yan biyu masu juya iska, da aka sauke ba a kai ga buɗewa ba. Ya bar Dogo, wanda yanzu ba ya iya gaida maigidansa sai ya kalli silin. Ya bar Yaya, wanda ya fasa karɓe wa 'yarsa ta tsakiya wayarta a ranar. Ya kuma bar mai gidan da kunnuwa biyu a buɗe, yana jin ƙarar injin wanki da ya manta tana da yawa haka, yana ɗauke da duk abin da ya ji na labarin nas da bakanike a cikinsa, ba wanda zai gaya wa, don Auta ta aiko ta bakin maman yara kada ya ɓata mata labarin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an rufe shago. An naɗe marigayin a sabon hankici, an sa shi a kwalin ashana babba, za a kwantar da shi a aljihun tebur na ƙasa, wurin maɓallan da masu su ba su dawo nema ba. Iyalai suna roƙon kada a kawo sabon iyafis da sunan ta'aziyya. Masu zuwa gaisuwa su shigo ta ƙofar gaban shago, su taƙaita, wanda kuma ya san dariya za ta ci ƙarfinsa ya aiko da saƙo ya wadatar. Mai gidan ya nemi Auta ta zo ta rufe aljihun da hannunta, tunda ita ce ainihin mai gawa. Har zuwa fitar wannan sanarwa ba ta ce za ta zo ba, ba ta kuma ce ba za ta zo ba. An dai goge mata kujera.