Yadda Za Ka Sa Baƙon Mai Wa'azi Ya Ga Wahayi

Ana ta faɗa a cocinmu da ke Tudun Wada cewa baƙin da aka gayyato makon farkaswa na bana suna ganin abin ɓoye. Mutum ya sauko daga mota, bai san kowa ba, ya hau bagadi ya faɗi abin da ke ƙarƙashin gadonka. Ni lissafi na koyar har na yi ritaya, kuma duk yaron da ya kawo mini amsa daidai bai nuna yadda ya samo ta ba, nakan duba wanda ke zaune kusa da shi. Sai na ce bari in duba. Ga abin da na koyo. Bi shi daki-daki, na yi maka alkawari baƙonka zai ga wahayi tun ranar farko.

1. Nemo shi daga nesa

Faston gida ba ya ganin wahayi. Mun san shi, mun gan shi yana rigima da mai tumatur. Ɗauko wanda sai ya wuni a mota kafin ya iso Gombe. Buga hotonsa a ƙyalle, yana nuna sama da yatsa. Idan ya zo ka ga bai yi kama da hoton ba, kada ka damu, ba wanda zai faɗa.

2. Kada ya zo da motarsa

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. A sa dattijon ikkilisiya ya tarbo shi a tasha. Namu shi ne Dattijo Dennis, wanda ba ya yarda kowa ya raba shi da wannan hidima. Tsakanin tasha da coci ba nisa, amma shi sai ya zaga da baƙo ta can unguwar Hammadu Kafi, gilashi a rufe, wai ana nuna masa gari.

3. Zaɓi wadda za a gani

Wahayi ba ya sauka kan mutumin da ya ba coci siminti. Nemo wadda ba ta da kowa a cikin dattawa. Mu an samu Jummy, tela ce, ba ta da miji, ita ke jagorar mawaƙa. Ɗiyar Dattijo Dennis ma tana da murya, kuma ta daɗe tana tsaye a layi na biyu.

Baƙon Litinin ya rufe ido ya ce, "Ina ganin wata mace cikin mawaƙa, duk Alhamis tana shiga motar Kwadon." Baƙon Talata ya ga motar, ya ƙara da namiji. Kafin Laraba dattawa sun ce za su zauna ranar Lahadi a sa ta horo: a sauke ta daga waƙa, a hana ta jibin Ubangiji, ta koma bencin baya inda kowa zai riƙa waiwayenta.

Na same ta a shago na ce, "Ke 'yar nan, me kike zuwa yi Kwadon?"

Ba ta ɗaga kai daga keken ɗinki ba. "Mama, an roƙe ni kada in faɗa."

Irin wannan kake nema. Mai riƙe amana ta fi daɗin kamawa.

4. Yi hattara da tsohuwar da ba ta da aikin yi

Wato ni. Na je wurin shugabar zumuntar mata, mai dafa wa baƙi abinci, na ce gwiwata ta hana ni barci. Na ja mai yi wa baƙi tafinta gefe na ce an sace mini akuya. Gwiwata lafiya lau, akuya kuwa ban taɓa kiwo ba. Sannan na tare Dattijo Dennis yana goge motarsa.

"Dattijo, ka rufa mini asiri. Aure nake so in sake."

Ya saki tsumman. "Mama, a shekarunki?"

"Shekarun ne suka sa nake sauri."

Ya rantse maganar ta mutu a cikinsa. Ranar Alhamis kuma na shiga motar Kwadon, na zauna a baya, na ja mayafi.

5. Bar baƙo ya yi aikinsa

Baƙon Juma'a ya yi gumi, ya cire kwat, ya tsaya cik. "Akwai wata uwa a nan. Kanta ya yi fari, amma zuciyarta na neman miji."

'Yan zumuntar mata suka shiga satar kallon juna. Na dafa sandata na miƙe.

"Ni ce, bawan Allah. An nuna maka sunansa? Yana da fansho?"

Ya ce lallai akwai haske a kaina.

"To gwiwata fa? Akuyata fa? Su ba a nuna maka ba? Ko don su ba su shiga motar Dattijo Dennis ba?"

6. Idan asiri ya tonu, a ta da waƙa

Dattijo Dennis ya yi wuf ya ce mu raira yabo. Ya dubi ɗiyarsa, ita kuwa ta dubi silin. Dole Fasto ya ce, "Jummy, taimake mu." Ta taso ta ba da waƙa. Ranar Lahadi dattawa ba su zauna ba, an ce shugabansu, Dattijo Dennis, na fama da mura.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya kwana a bencin baya, kada ya zo ƙofata. Ban aike ka ba, ban san baƙonka ba, kuma maganar aure na janye ta, masu aiko gaisuwa su huta. Jummy aka roƙa ta yi shiru, ni ba wanda ya roƙe ni.

Duk Alhamis Jummy na zuwa Kwadon ne ta yi wa wata tsohuwa makauniya wanki, ta dafa mata abinci, ta yanke mata farce. Tsohuwar ce ta ce kada a faɗa, don kada ɗanta ya ji kunya a coci. Rabonsa da gidan tun Kirsimeti. Sunansa Dennis.