Yadda Za Ki Koya Wa Yara Gasa Biskit Alhali Ke Ma Ba Ki Iya Ba

'Yar'uwa, in kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ki tabbacin za ki fita kunyar uwar mijinki, ko da ba ki taɓa gasa komai ba a rayuwarki sai masara. An gwada hanyar a gabana, nan Jibiya, a gidan maƙwabciyata Ummusalma. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma gajeruwa ce.

1. Fara da cika baki

Ki zaɓi taro, inda ba a janye magana. Ummusalma ta zaɓi wani suna a Maraɗi. Aka miƙo mata biskit ɗin gida, ta gutsura, ta ce, "Ba laifi, amma nawa ya fi laushi." Ba ta san uwar mijinta, Hajiya Luba, tana zaune a bayanta ba. Ba ta kuma san Hajiyar ce ta gasa shi ba.

Shekara takwas ke nan Ummusalma tana fafutukar tsohuwar nan ta kira ta da wani suna ban da "matar Kalilu". Ta yi wanki, ta yi tausa, ta aika da turare, shiru. Sai ga waya ranar Laraba: "Matar Kalilu, ran Lahadi ina tahe kasuwa. In na ƙare sai in biyo in ɗanɗana wanga mai laushi." Ummusalma ta ce Allah ya kawo ta lafiya, ta ajiye wayar, ta zauna a ƙasa.

2. Nemo yara

Nan ne sirrin yake. Macen da ta ƙona biskit ita kaɗai, ba ta iya ba ke nan. Macen da ta ƙona shi tare da yara, tarbiyya take yi. Ki sanar da duk unguwa cewa za ki koya wa 'ya'yanki aikin kicin tun suna ƙanana, za ki ga ana sa miki albarka tun ba ki hura wuta ba.

Kada yaro ya wuce shekara bakwai. Manya suna ba da shaida. Ummusalma ta yi dace: Bilki shida, Abbas huɗu.

3. Tara kaya, ki raba muƙamai

Fulawa, bota, sukari, ƙwai biyu, madarar gari. Kwalba ta murzawa. Tukunya babba, da yashi daga gulbi da za a zuba a gindinta, da faranti a kan yashin. Sa yaran su wanke hannu har gwiwa, domin wannan kaɗai ne darasin da kika tabbata kin iya.

Ƙwai biyu na ce, amma ki sayi biyar. Abbas ya fasa na farko a ƙasa, na biyu a rigarsa, na uku ya ce tsuntsu ne a ciki, ba za a taɓa ba. Bilki kuwa ta daki nata a bakin kwano sau ɗaya ya rabu biyu, ta ɗaga kai tana jiran a yaba. Uwar tana kallon waya.

4. Dogara ga waya

Ki buɗe bidiyon wata mata mai farin kicin, ki jingina wayar a turmi. Ki sani dai a garin nan waya ba ta da ƙasa tsayayya. Tana Najeriya kina kwaɓi, da iska ta juya sai ta koma Nijar. Ta Ummusalma ta tsallake iyaka daidai inda matar ta ce, "Abu mafi muhimmanci game da wuta shi ne..." Har yau ba mu san mene ne ba.

Kada ki nuna damuwa. Ki ce wa yaran, "Sauran na sani."

5. Bambanta hannun gwana da na ɗalibai

Ki murza naki kwaɓin da kwalba, ki yanka shi da gwangwanin tumatir, ya fito zagaye ras, duk girma ɗaya, yadda kowa ya gani zai san babba ce ta yi. Yara kuma ki gutsura musu ragowa, su je can gefe su yi ta fama. Abbas ya ƙera tirela mai taya uku. Bilki ta mulmula nata ƙanana, ta danna babban yatsanta a tsakiyar kowanne, wai don ta gane nata.

6. Wuta

Tunda ba ki san adadinta ba, ki yawaita. Garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, ki sa yara su yi fifita. Naki za ki fara sakawa, ke ce babba.

In ƙauri ya tashi, sunansa ƙamshi. Ni daga bayan katanga na ɗauka taya ake ƙonawa a tasha. Da Ummusalma ta buɗe tukunya, biskit ashirin da huɗu suka dube ta, zagaye ras, baƙi ƙirin. Fulawa ta ƙare, azahar ta wuce. Bilki ta ce, "Umma, namu fa?" Don kawai a huta da naci uwar ta jefa nasu a tukunya. Lokacin wutar ta riga ta lafa, saura toka-toka, ba wanda ya ƙara bi ta kanta.

7. Horar da shaidu

Ki tsuguna daidai tsayinsu, ki yi murya mai taushi. Ummusalma ta ce, "In Kaka ta tambaya wa ya ƙona, me za ku ce?"

Abbas ya ce, "Ke."

Aka ba shi sukari a tafin hannu, ya fita daga shari'ar. Bilki ta daɗe tana kallon uwarta, ta ce, "In na ce ni ce, Kaka ba za ta yi miki faɗa ba?"

"Ba za ta yi ba. Ke yarinya ce, ba a ganin laifinki."

Yarinyar ta gyaɗa kai. Mataki ya kammala.

8. Tarbi baƙuwa

Hajiya Luba ta sauka daga babur bayan la'asar, da ƙullin kayan kasuwa. Aka gaisa, aka sha ruwa, aka kawo tire. A nan ki tuna ki ɓoye na yara. Ummusalma ta manta, Abbas ya kwaso su da kansa don a ga tirelarsa. Sun gasu jawur.

Tsohuwar ta ɗauki baƙi ɗaya, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa a tire. Ta ɗauki mai alamar yatsa, ta ci, ta ƙara. Sannan ta ce, "Wa ya ƙona wanga?"

Bilki ta matso, hannu a baya. "Ni ce, Kaka. Ban iya ba." Ta ƙara da abin da ba a koya mata ba: "Ba zan sake shiga kicin ba."

Hajiya ta kama hannun yarinyar, ta ɗora yatsanta a ramin biskit mai kyau, ya zauna daram. Sai ta ɗago ta dubi matar ɗanta.

A nan abin da ake so ki yi shiru. Sakan goma kawai, magana ta wuce. Ummusalma ta kasa. Kunya ta kama ta, ba ta tsohuwar ba, ta 'yarta. Ta ce, "Inna, ni na ƙona. Ban taɓa gasawa ba. Masu kyan nata ne, ni na sa ta faɗi haka."

Tsohuwar ta cinye na hannunta tukuna. Ta kwance mayafi, ta naɗe hannun riga, ta aiki ɗanta Kalilu ya sayo fulawa. Ta ce, "Bilki, ke za ki riƙe kwalba. Ke kuma ɗiyata, tahi ki wanko hannu. Har gwiwa."

Ummusalma ta tafi bakin randa, ta daɗe a can fiye da yadda wankin hannu yake bukata.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin tukunyar da ta huje, ko ƙwan da aka yi wa afuwa, ko yaron da ya faɗi gaskiya. Hanyar ba ta da aibu, Ummusalma ce ta karya mataki na takwas, don haka abin da ya same ta ita ta jawo. Yanzu duk Lahadi tana tsugune tsakanin 'ya'yanta ana koya mata gasa biskit, kuma har yanzu ba a yarda ta taɓa wuta ba. Bilki ce mai wuta.