Rasuwar Ɗan Kwalba, Mai Maganin da Ya So Zama Jarumi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni tela mai shago na biyu daga bakin layi nake sanar da 'yan uwa da abokan wasa rasuwar Ɗan Kwalba, mai maganin rundunarmu a wasan yaƙin da muke bugawa ta intanet. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da yamma, a cikin kogon dodo, yana mataki na sittin da ɗaya, bayan shekara uku cur yana zaune a wayata. Ga waɗanda ba su san wasan ba, a ɓangaren da muke bugawa wanda ya faɗi ya faɗi ke nan, babu tashi.

An haifi marigayin ne bisa umarnin Yayana. Yaya yana aiki a gari mai nisa, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu wayarmu ba ta wuce minti biyu: ya gida, ya aiki, sai an jima. Shi ya turo mini wasan. Ya ce rundunarsa tana da jarumi, wato shi, da maharbiya, wata malamar makaranta, da boka mai jifa da wuta, wani direba, amma babu mai magani. "Kai ka iya tsayawa a baya," in ji shi. Na karɓa. Daga nan kowace Asabar sai mu yi awa biyu muna hira, har dariyarsa na ji, wadda na manta sautinta.

Marigayin, kamar kowa a wasan, yana da halaye huɗu: ƙarfi, zafin nama, juriya da basira. Duk matakin da ka hau, a ba ka maki biyar ka raba musu. Jarumi yana zuba nasa a ƙarfi da juriya, don shi ke tsayawa gaba ya sha duka. Maharbiya zafin nama take nema. Boka da mai magani kuwa basira ce abincinsu, domin ita ke faɗaɗa kwalbar shuɗin ruwan da ake jifa ko warkarwa da shi. Wannan ko wanda ya fara wasan jiya ya sani. Ni ma na sani.

Amma ni tun muna yara nake riƙe wa Yaya jaka yana buga ƙwallo, kuma abin yana cina a rai. Don haka duk maki biyar da aka ba Ɗan Kwalba, sai in sa biyu a basira, in lallaɓa in zuba uku a ƙarfi. Ba mai ganin takardar halayen wani sai mai ita. Tela ne ni, na san illar yanka wa mutum rigar da ba awonsa ba, amma na yi, sau sittin.

Ku yi haƙuri, na tashi na duba waya. Ba Yaya ba ne, mai kwat ne yana tambayar kayansa.

Marigayin mutumin kirki ne. Bai taɓa ƙin aike ba. Yakan ɗauki ganimar da ta fi ƙarfin jakinsa, ya ce "hah" sau ɗaya, ya miƙe da ita, har Direba yana yaba masa. In ya warkar da mutum sai ka ji ƙararrawarsa, ƙililin, mai sanyi. In an kira shi yakan amsa da 'yar siririyar muryarsa, "Ina zuwa." Jiya ina tsakiyar taka keke na ji kamar ya faɗa, na ɗinke hannun riga da wuyanta.

Ciwon ajalinsa ya daɗe a jikinsa, ni na ɓoye. Kwalbarsa takan ƙare tun faɗa bai yi nisa ba. Malama ta taɓa tambayata a hankali ko lafiya, na ce sabis ne ba kyau. Na ɗora wa sabis laifi har sai da ni kaina na fara yarda.

Ranar Asabar muka shiga kogon. Jarumin Yaya, wanda ya shekara biyar yana raino, ya tsaya gaba da garkuwa, dodo yana jibgarsa. Na warkar da shi sau shida. A na bakwai Yaya ya ce, "Magani, ƙanena." Na danna. Maimakon ƙililin sai na ji ƙit, ƙit, kwalba ta bushe. Nan na yi abin da na shekara uku ina mafarki: na tura Ɗan Kwalba gaba da gudu, ya ɗaga sanda ya maka wa dodo. Dodo ko juyowa sosai bai yi ba, ya share shi da wutsiya, nan take Ɗan Kwalba ya faɗi, don ban taɓa sa masa ko maki ɗaya a juriya ba. Kafin in ja numfashi jarumin Yaya ma ya faɗi. Ba ni da bakin sanar da waccan rasuwar, haƙƙin mai ita ne.

Abin da ban sani ba, wanda ya mutu wasan yana buɗe takardarsa kowa ya gani. Ƙarfi ɗari da tamanin, basira ɗari da ashirin. Yaya ya ce, "Da ka faɗa mini kana son gaba, da na matsa maka." Sai koren hasken da ke gefen sunansa ya mutu. Yau kwana biyar bai kunna ba, kuma na kira sau tara bai ɗauka ba. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Maiɗakina ta ce in ba zan ci abincin ba in daina juya cokali.

Marigayin ya bar jaki ɗaya yana tsaye a bakin kogo da kaya a bayansa, da sanda da ta karye, da Malama da Direba waɗanda suka tsira da ƙyar, da ni, wanda ya kashe shi da hannunsa. Ina kewarsa, amma gaskiya ba shi na fi tsoron rasawa ba.

Za a yi masa bankwana ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu na yamma, a kan gadar ƙofar gari ta cikin wasan, inda muke haɗuwa kullum. Malama za ta harba kibiya ɗaya sama, Direba zai kunna wuta. Ba a buƙatar kawo komai. Ni zan rufe shago tun ƙarfe uku, in tsaya a gadar da sabon mai magani, ɗan mataki na biyu, ko takalmi ba shi da shi. Makinsa biyar na farko suna nan ban taɓa su ba. Yaya, in ka zo, kai za ka faɗi inda za a sa su. In ba ka zo ba, zan dawo wata Asabar ɗin.