Rasuwar Siririya, Sandar Fatsar Jikokina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni tsohon tela da ke ƙarshen layin da ya gangara tafki, a madadin iyalina da jikokina, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar sandar fatsar gidanmu, wadda yara suka laƙaba wa suna Siririya. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi a bakin tafki, a hannun ƙaramar jikata, bayan doguwar jinya da ta yi fama da ita ba tare da ta ɗaga wa kowa hankali ba.

An haifi marigayiyar a cikin kurmin gora da ke bayan tafkin. Ni na sare ta da hannuna lokacin ɗana na fari bai kai tsayin teburin ɗinki ba, na jingine ta a inuwa har ta bushe, na goge gaɓoɓinta, na rage mata tsawo daidai abin da yaro zai iya ɗagawa. Ba ta da ƙarfen naɗe zare irin na sandunan kanti, ba ta da ƙyalli, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. Zare ne a kanta, da murfin kwalba mai yawo a bisa ruwa, da 'yar dalma, da ƙugiya ƙarama wadda nake goge mata kunnen nan na bayan tsini, don in ta shiga yatsan yaro ta fito ba sai an je asibiti ba.

Duk wanda ya zauna da ita ya san ba mai kwaɗayi ba ce. Tana ce abincinta, tsutsar nan ta ƙasa mai laima, kuma rabi nake sa mata. Rabin tana, ruwa marar zurfi, gefen ciyawa, shi ke nan dokar gidan. A nan 'yan ƙananan karfasa suke, masu faɗin tafin hannun yaro, su ne ke cizo da wuri kafin yaro ya gaji ya fara jifan ruwa da duwatsu. Masu zuwa da manyan sanduna suna yi mana dariya, su ce muna kamun jarirai. Na bar su da dariyarsu. Yaro ɗan shekara biyar ba babban kifi yake nema ba, so yake ya ga murfin kwalba ya nutse ya ji abu na motsi a hannunsa.

Ba ta da yawan magana. In an wurga ta sai ta ce fiuu, murfin ya amsa da tsulum, daga nan ta yi shiru har sai akwai dalili. Ta sha wulaƙanci a gidan nan ba ta tanka ba. Uwar yara ta share yanar gizo da ita, an zaƙulo ƙwallo da ita daga saman rufi, har akwai ranar da na tarar an shanya mata tawul jiƙaƙƙe. Ranar na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo.

Wanda ya taɓa riƙe ta ya ga zarurrukan da ke naɗe a gindinta. Duk yaron da ya fito da kifinsa na farko, ina ɗauko zare daga cikin kayan ɗinkina in ɗaura masa a nan, kowa da launinsa. Sai kifi ya taɓa ƙasa ake ɗaurawa, wanda ya suɓuce a ruwa ba ya cikin lissafi, kuma ban taɓa sassauta wa kowa ba ko da ya yi birgima. Ja shi ne na farko, na ɗana na fari. Bara Allah ya karɓi abinsa bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya, ya bar mana mata da 'ya ɗaya, wadda nake kira Tsigi saboda ƙanƙantarta da rashin zama wuri ɗaya. Tun ranar na bar wa Tsigi fili a gefen jan zaren, kuma ta san nata ne. Kore ta zaɓa.

Sai dai Tsigi ba a yi ta don fatsa ba. Da ta wurga sai ta ɗago ta duba ko tanar tana nan lafiya. Ta yi wa kifaye waƙa, ta ba su labarin makaranta, ta tambaye su sunayensu. Duk 'yan'uwanta sun sami zare, ita kaɗai ta rage. Ana cikin haka aka yi wa uwarta, wadda malamar jinya ce, canjin wurin aiki zuwa wani birni mai nisan gaske, inda ruwan da ya fi girma shi ne na famfo. Ba ni da abin da zan ce da surukata, yarinyar kirki ce, kuma ita ke ci da su. Ta durƙusa ta ce, “Baba, in an yi hutu za mu riƙa zuwa.” Na ce Allah ya yarda. Ni da ita duk mun san nisan hanyar.

Ciwon marigayiyar ya daɗe. Ƙwaro ne ya shige ta ta gaɓar tsakiya, kullum in na ɗauke ta daga ƙusa sai in ga gari ya zuba a ƙasa. Na cika ramin da gam, na ɗaure wurin tam. Maƙwabcina kafinta ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ce, “Malam tela, wannan fa ta gama aikinta, ka rataye ta ta huta.” Na ce masa saura kifi ɗaya ake bin ta.

Ranar Lahadi ce fitarmu ta ƙarshe kafin tafiyarsu. Ina da wata dabara da yaran gidan nan ba su sani ba sai sun girma: in yaro ya riƙe sandar, nakan zauna a bayansa in tallafi gindinta da yatsu biyu. Ranar Tsigi ta waigo ta ce, “Kaka, cire hannunka, ina ganinka. Ni kaɗai zan kama.” Na cire. Idona kuwa ya yi rauni, har na bar sa zare a allura, shi ya sa ban lura da abin da ta yi da gwangwanin tana ba sai da ta ɗaga ƙugiyar. Ta soka tana har uku, manya, cikakku, sun yi dunƙule suna mutsu-mutsu.

Na ce, “Ke, wa ya koya miki wannan ɓarnar?”

Ta ce, “Su ƙoshi mana, Kaka. Ai zan daɗe ban zo ba.”

Ta wurga da duk ƙarfinta, Siririya ta ce fiuu, murfin ya tsallake ciyawa ya faɗa can inda ruwa ya yi duhu. Karo na farko a rayuwarta Tsigi ta zauna shiru ba ta ɗago ba.

Karfasa takan ɗan ciza ta saki. Tarwaɗa kuwa haɗiyewa take yi. Murfin bai yi rawa ba, ɓacewa kawai ya yi, sandar ta lanƙwashe har kanta ya taɓa ruwa, ta fara wani kuka ƙiii da ban taɓa ji daga gare ta ba. Na ce Tsigi ta saki, ta ƙi. Kifin ya ja ta, takalminta ya zame a laka, ruwa ya kai mata gwiwa, tana ihu, “Nawa ne! Nawa ne!” Da hannu ɗaya na dogara da ƙasa, ɗayan ne kawai zai iya kai wa ga wani abu, ko sandar ko rigar yarinyar. Na damƙi rigar. Marigayiyar ta yi maganarta ta ƙarshe, ƙas, ta rabu biyu daidai inda na ɗaure. Muka zube a laka ni da Tsigi, gindin sandar yana hannunta, muna kallon sauran yana tafiya tsakiyar tafki.

Koren zaren yana aljihuna tun safe. Na ɗauko shi, ni da ban taɓa karya dokar nan ba, na ce ta miƙo in ɗaura, ai kifin da ya karya sanda ya wuce kifi. Ta goge majina da bayan hannu ta ce, “Babana ya fito da nasa waje?” Na ce ya fito da shi. Ta ce, “To nawa bai fito ba. Ajiye mini.” Na juya mata baya na yi kamar ina neman takalminta, domin kuka ne ya zo mini, kuma bai dace ta gani ba.

Marigayiyar ta bar gwangwanin tana wanda yanzu babu kowa a cikinsa, da ƙugiyoyi marayu a cikin tsohuwar kwalbar magani, da bokitin da bai ga kifin Tsigi ba. Ta bar ƙusa a bango wadda har yau nake kai wa hannu da safe. Ta bar jikoki masu zare, da jika ɗaya marar zare, da tsoho ɗaya.

Game da jana'iza, rabinta na sama tarwaɗa ta riga ta yi mata rakiya, ba mu san inda aka kai ta ba. Tsagin da muka tsinto a laka za a binne shi ranar Asabar da safe, a gindin bishiyar da muke zama a bakin tafki, bayan motarsu Tsigi ta tashi. Gindin mai zarurruka ba za a binne shi ba, Tsigi ta riga ta cusa shi a jakar makarantarta, ta ce jan zaren na babanta ne. Masu zuwa gaisuwa ana roƙonsu kada su kawo sandar kanti. Na sare wata gorar, ta ɗan fi marigayiyar tsawo saboda yarinyar za ta girma, tana jingine a inuwar shagon kafinta, kuma sai baɗi za ta bushe. Kafinta ya san yadda ake goge kunnen ƙugiya, na nuna masa. In Tsigi ta zo ba ta same ni ba, koren zaren yana cikin akwatin keken ɗinkina, ɓangaren hagu. A sa mata rabin tana, a zauna a bayanta, kuma kada a ɗaura sai kifi ya taɓa ƙasa.