Layi Biyun da Na Goge

Ba zan taɓa mantawa da ranin da na kashe albasar mutanen Wurogauri ba, ni da ko fartanya ban iya riƙewa ba.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kalgo, muna haɗa na'urar da ke kunna famfon sola idan ƙasa ta bushe. Kullum daga Gwandu nake zuwa, ina ji da kaina (har kati na buga mai "Injiniya"). Abokiyar aikina Madam Rahila, 'yar Zuru, ita ta fara rubuta manhajar. Ta bar wa kwamfaila, wato abin da ke juya rubutunmu zuwa harshen na'ura, umarni layi biyu: a ɓangaren da ke katse aiki idan saƙo ya shigo, kada ta kira laburare, wato tarin shiryayyun umarnin da manhaja ke aro, da kanta, kada kuma ta taɓa rajistocin vekta. Waɗannan ƙananan ma'ajiyai ne a ƙwaƙwalwar na'ura, a cikinsu ake lissafin danshin ƙasa.

Rahila ta tafi hutun haihuwa. Na ga layukan, ban gane amfaninsu ba, na goge. Na kuma ce wa manoma su daina sintirin fadama, na'ura ta ishe su.

Ashe da ta samu sarari, kwamfaila ta kira laburare ya kwafi bayanai, shi kuwa ya bi ta kan rajistocin nan ya tattake lissafin. Na'ura ta adana lambar banza, ta ɗauka ƙasa jiƙe take. Kwana huɗu famfo bai tashi ba. Sabon dashe ya ƙone ƙurmus.

Aka yi zama a ofis. Malam Umaru, shugaban manoman, ya aza busasshiyar albasa bisa tebur.

"Injiniya, abincin gidana na bana ke nan. Mi as sami injin ga?"

Na gyara murya na ce wataƙila wani ya taɓa wayoyin (Allah Ya yafe mini). Rahila, da goyonta a baya, ta buɗe tarihin canje-canjen manhajar ta karanta a fili: sunana, da bayanin da na rubuta da hannuna, "Na share tarkace."

Ba wanda ya zage ni. Malam Umaru ya ɗauki albasarsa ya ce, "Allah shi kyauta," ya fita. Da mari ya yi mini, da na fi samun sauƙi.

Yanzu duk abin da ban gane ba, sai na tambaya. Sau da yawa nakan tarar matsalar tana zaune ne a kujerata.