Askar Itace a Gidan Suna

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na jera uku kafin in faɗa kan wanda nake kira, amma safiyar da na zama wanzami a Gafasa ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta ma, mutanen Gaya ba za su bar ni ba.

A wancan zamani, tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba, mu shida ne muke wasan kwaikwayo. Ba mu da ubangida, ba ma bin fada, ba wanda ya ajiye mu. Da damina kowa yana gonarsa. Da an kai amfani rumbu sai mu haɗu a gindin tsamiyar bayan marina, Kawu Jatau ya fito mana da sabon wasa. Kawu Jatau baduku ne. Shi ke ƙaga labarin, shi ke raba wa kowa abin da zai zama, shi ke ɗinka kayan da za mu sa. Daga nan sai mu bi kasuwanni da gidajen biki, Gaya, Kademi, Ajingi, muna tafe muna waige saboda tsoron harin Ningawa, a ba mu damin gero ko kaza ko abin da ya samu.

Mun yi wasan Falke da Jakin Aro, ni ne jakin. Mun yi na Maigida Ya Ga Kura, ni ne kurar. A wasan Rabon Gado ni ne mamacin (an yabe ni ƙwarai, aka ce ba a taɓa ganin gawa mai natsuwa irin tawa ba). Kaka bakwai ina cikin wasan nan ban taɓa furta kalma ɗaya irin ta ɗan Adam a gaban jama'a ba, kuma abin yana ci mini rai, don ni a ganina duk cikinmu babu wanda ya kai ni.

A kaka ta takwas Kawu Jatau ya ƙago wasan wani wanzami mai cika baki, wanda surutu ke ɗauke masa hankali har ya aske wa mutum gira. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Surutu da cika baki. To, kai za ka yi shi." Ban tsaya duba ko yabo ne ko zagi ba, na karɓa hannu biyu.

Kwana ashirin ina zaune a rumfar wanzaman kasuwar Gaya ina satar yadda suke yi: yadda suke naɗe hannun riga, yadda suke wasa aska a tafin hannu, yadda suke karkatar da kan mutum da yatsa biyu kamar sun saye shi. Kawu Jatau ya ɗinka mini zabira ta jar fata, irin wadda ko Sarkin Aska zai yi sha'awa, ya zuba ƙahonin shanu a ciki. Askar ce kaɗai ta ƙarya. Tun da aka taɓa yanke wa makaɗinmu gefen kunne a wajen gwaji, ya hana ƙarfe shiga wasanmu, don haka ya fiƙe itacen aduwa, ya shafe shi da baƙin tukunya da man gyaɗa har yana ƙyalli.

Ranar da za mu fara nuna wasan a Gafasa, mun kwana a Ajingi. Da aka idar da sallar asuba na saɓa zabirata na yi gaba, na bar su suna ɗaure kaya. Nufina in shiga gari ni kaɗai in ga ko za a ɗauke ni wanzamin gaske. In an ɗauke ni, to na samu abin da zan riƙa gorantawa har in mutu.

An kuwa ɗauke ni. Ban gama shiga ƙofar gari ba wani mutum da ke tsaye yana hangen hanya ya tare ni har yana tuntuɓe.

"Wanzam, Allah ne ya jefo ka! Suna ake a gidan yayana Malam Habu, an raɗa tun ɗazu, an yanka rago, Sarkin Aska ya tafi kaciya Kademi har yanzu shiru. Taho, don Allah, jama'a na jira."

A nan ya kamata in ce masa, bawan Allah, ni ɗan wasa ne. Kalma huɗu kacal. Amma da kunnena na ji an ce mini Wanzam, sai wani daɗi ya ratsa ni tun daga ƙeya har ɗan yatsan ƙafa. Na gyara zaman zabira na ce, "Mu je, ai aikinmu ne." A raina na ce zan ɗan taɓa wasa kaɗan, in an yi dariya in faɗi gaskiya.

Ba wanda ya yi dariya. Shimfiɗa aka yi mini a zaure, aka kawo fura da nono, aka kawo waina, dattawa suka matsa mini wuri. Ni da ban taɓa zama a kan tabarma ba sai a gefenta! Na sha, na ci, na buɗe baki. Na ba su labarin yadda na yi wa wani falke ƙaho na zuƙo masa mataccen jini cike da ƙwarya, da yadda aka aiko mini tun daga Birnin Kano na ce ba ni da sukuni (duk maganganun cikin wasan ne, na haddace su sarai). Wani tsoho ya gyaɗa kai ya ce daga ganin zabirar ka san an gada.

Can sai Malam Habu ya ce, "To, Wanzam, bismilla. In ka gama askin sai ka yi mishi tsagar gidanmu, uku-uku a kumatu, irin tawa."



Aka shiga da ni tsakar gida. Ungozoma, wata tsohuwa mai ƙananan idanu da ake kira Iya Ladi, ta zauna a tabarma da jaririn a cinyarta, mata sun yi cincirindo a bakin ɗakuna. Na ce a kawo ruwan ɗumi. Aka kawo, na ce ya yi zafi. Aka sirka, na ce ya huce. Na nemi sabulun salo, na yi ta murza kumfa ina leƙen ƙofa ko Allah zai kawo Sarkin Aska, ko gobara, ko ma Ningawan. Da dabara ta ƙare na zaro askata, na wasa ta a tafin hannu yadda na koya, na ɗora a kan yaron na ja a hankali.

Ko gashi ɗaya bai faɗi ba. Sai wani baƙin layi da ya fito tun daga goshinsa har tsakiyar kai.

Iya Ladi ta dubi layin, ta dube ni. "Wanzam, aski kake ko zanen ƙwarya?"

Na ce, "Iya, raɓar hanya ce ta dakushe ta."

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Malam Habu. Ya shiga ɗaki ya fito da askar marigayi mahaifinsa, naɗe a tsumma, ya miƙo mini. Ta gaske. Na taɓa bakinta da babban yatsa, sai ga jini.

Na tsuguna da ita a hannu, Iya Ladi ta karkato mini da kan yaron. A nan na ga maɗigarsa, wurin nan mai taushi a tsakar kai, tana bugawa a hankali, sama da ƙasa. Kwanansa bakwai a duniya. Ya kama ɗan yatsan Iya Ladi ya riƙe, bai san komai ba. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, kuma ban taɓa ganin kaina ƙanƙani haka ba. Na ajiye askar a kan tabarma.

Na ce, "Malam, ka yafe ni. Ni ba wanzami ba ne."

Kafin wani ya samu bakin magana, sai ga kalangunmu daga bakin kasuwa, da muryar Kawu Jatau tana ratsa katanga: "Jama'ar Gafasa! Ku fito ku ga wanzamin ƙarya! Mai askar itace, mai cika baki, ya ci na mutane bai iya komai ba!"

Iya Ladi ta ce, "Mun riga ku gani."

Ba a doke ni ba, kuma na so a ce dukan aka yi. Mata suka fashe da dariya har da masu riƙe ciki, aka zaunar da ni a zaure kusa da ƙwaryar furar da na shanye, duk wanda ya shigo a nuna masa ni. Da hantsi Sarkin Aska ya iso a kan jaki, dattijo mai sanyin magana. Ya aske yaron, ya yi masa tsagarsa, ya wanke hannu, sannan aka ba shi labari. Ya juya askata ta itace a hannunsa, ya ce, "Abokin sana'a ba ya zuwa garinmu ya tafi da suma. Zauna."

Ya aske mini rabin kai, ɓangaren dama, tas, da rabin gemu. Sai ya duba askarsa ya ce, "Af, raɓa ta dakushe ta." Ya naɗe kayansa. Ashe a ƙasar nan duk aikin da Sarkin Aska ya fara, babu wanzamin da zai ƙarasa sai da izininsa. Na bi rumfuna daga Ajingi har Gaya, kowa ya ɗaga hulata ya mayar ya ce in sake gaba. Abokan wasana kuwa askar da suka mallaka ke nan, ta aduwa.

Dagaci ya hana mu wasa a garin ranar, muka juyo ba ko zangarniya ɗaya. Muka yi nisa da garin. Sai na ga kafaɗun Kawu Jatau suna rawa. Ya zauna a bakin hanya ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ba ni labarin tun daga ƙofar gari. Kada ka tsallake furar."

Wasan wanzami mai aske gira a nan ya mutu, ba a taɓa nuna shi ba. A madadinsa Kawu Jatau ya ƙago Askin Sunan Gafasa, kuma duk wasanninmu babu wanda ya karɓu kamarsa. Har Malam Habu ya aiko a je a yi masa a ƙofar gida. Ranar rabon matsayi na gyara murya na ce ai wanzamin nawa ne, tun da a kaina abin ya faru.

Kawu Jatau ya ce, "Kai ka yi shi sau ɗaya, ba ka kai ƙarshe ba. Makaɗi zai yi. Amma na ajiye maka babban wuri, kai ne a tsakiyar fili daga farko har ƙarshe."

Jaririn ya ba ni. Kaka goma sha ɗaya ana naɗe ni a zane, da gemuna da komai, ana shafa mini baƙin tukunya a goshi ina tsala ihu.

Abin da na koya shi ne, in aka kira ka da sunan da ba naka ba, ka gyara wa mai kiran tun a ƙofar gari, kafin a kawo fura. Bayan fura gaskiya nauyi take yi.