Ruwan Tafkin Kaka a Kwanon Sha

"Tsoho mai ran ƙarfe, ashe ka sake kwana?"

"Na kwana, mummunar amarya. Ke zan binne tukuna."

Najiba ta tarar da kakanta, Malam Bubayero, a filin kiwonsa da ke bayan Bagadaza. Ya farke buhun takin zamani na yuriya zai watsa har bakin tafkin da shanunsa ke sha, ga hadari ya haɗo. Bara ma haka ya yi, ruwan sama ya wanke takin ya zuba a tafkin, gansakuka ta rufe shi, maruƙa biyu suka sha suka mutu. Tsohon ya ce maita ce. Ita kuwa karatun noma ta yi, kuma ta rantse bana ba za a sake ba.

Ta zauna daram a kan buhun.

"Tashi, kin fi buhun nauyi, ya fi ki amfani."

"Sai dai ka watsa ni da shi. Kashin shanunka ya riga ya ƙosar da ƙasar nan. Gishiri in ya yi yawa, miya ta lalace."

"Ke da ko ruwan zafi ƙona shi kike? Ina kiwo tun uwarki ba ta da haƙori."

"Ga shi kana yi har naka sun zube. Ruwa ba ya tsami banza, angona."

Ta yi masa bayani: ya rage takin, ya jira hadarin ya wuce, ya bar taku talatin na ciyawa tsakaninsa da ruwa. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Daga nan sai ta ɗauki kwanon shansa, ta ɗebo ruwan tafkin, kore shar, yana wari. Ta durƙusa har ƙasa, ta miƙa da hannu biyu.

"Maigida, ga ruwa. Miji ba ya ƙin ruwan amaryarsa."

Ya leƙa kwanon, ya kau da kai.

"Gadona kike so ki ci tun yau?"

"Shi jar saniyarka za ta sha anjima, ga ta da ciki."

Tsohon ya daɗe yana kallon saniyar. Can ya yi dariya, ya ɗaure bakin buhun, ya miƙa mata sandar kiwonsa, wadda ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa.

"Riƙe, ki auna takun. Amma da ƙafata za a auna, taki ta kaza ce."